Sai an leƙa huhun Baba kafin a yi masa tiyata?

Wasiƙar wannan makon daga Garwa ta zo, a arewacin Kamaru, daga wata baiwar Allah da ta roƙi a sakaya sunanta. Na taƙaita ta kamar haka:

"Likita, mahaifina shekararsa 62, tsohon direban babbar mota ne, ya daɗe yana dakon auduga tsakanin Garwa da Ngaundare. Ya sha taba fiye da shekara 30, ya bari tun da ya dawo daga Makka. Bara ya kama tari, aka ba shi maganin tarin fuka wata shida, bai warke ba. Muka kai shi Yawunde aka yi masa sikana, aka ga ƙari mai faɗin santimita 3 da rabi a saman huhunsa na dama, kusa da tsakiyar ƙirji. Likita ya ce da alama daji ne, amma bai yi nisa ba, ana iya cire shi. Sai dai dole a fara zura masa wani bututu ta hanci a leƙa ciki. Baffana ya ce kada a yarda, in ƙarfe ya taɓa daji yaɗuwa yake yi. Yayana ya ce hanyar cin kuɗi ce kawai, tunda hoto ya riga ya nuna komai. Shi kuwa Baba tsoronsa kada a shaƙe shi. Mun dawo gida, yau sati uku ba mu yanke shawara ba, kuma takardun duk a hannuna suke. Ya zan yi?"

'Yata, sannu da jinya, Allah ya ba Alhaji lafiya, ya saka miki da alheri.

Ku koma a yi leƙen nan. Wannan ita ce amsata, kuma da so samu ne kafin ki gama karanta shafin nan an tafi yanko tikiti. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne sati ukun da kuka yi a gida. Bututun ƙaramin abu ne a kan wannan. Amma na san ba za ki iya shiga zauren Baffa ki ce "likitan jarida ya ce a je" a tashi a bi ki ba, don haka bari in ba ki abin da za ki riƙe a hannu.

A takardar da aka ba ku za ki ga an rubuta shi da Faransanci, abin da bakinmu ke kira fiburoskofi. Likitocin da suka yi karatu a ƙasashen Ingilishi buronkoskofi suke ce masa. Abu ɗaya ne. Wata igiya ce mai laushi, kaurinta milimita 5 zuwa 6, ba ta kai kaurin fensirin ɗan makaranta ba. A bakinta akwai fitila da ƙaramar kyamara, a cikinta kuma akwai siririyar kafa da ake zuƙo ruwa ko a zura ɗan hantsaki ta ciki. Ana bi da ita ta hanci ko ta baki, ta wuce maƙogwaro, ta gangara babban bututun iska har inda ya rabu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, daga nan ta bi rassan da ke shiga huhu. Likita yana kallon komai a allo.

Ki gaya wa Baba wannan, don shi ne maganin tsoronsa: bututun iskar babban mutum faɗinsa ya kusa santimita 2. Igiyar ba ta cika shi, iska na wucewa ta gefenta yadda keke ke wucewa gefen tirela a kan gadar Binuwai. Kafin a fara ana fesa masa maganin kashe zafi a hanci da maƙogwaro, mai ɗaci ne, zai ji kamar maƙoshinsa ya kumbura alhali bai kumbura ba. Sau da yawa ana ƙara allurar da za ta sa jiki ya mutu, ya yi gyangyaɗi. Ana sa masa iskar oksijin ta hanci, a maƙala masa ɗan abu a yatsa da ke nuna yawan iskar da ke jininsa. Zai yi tari, musamman lokacin da igiyar ke ratsa wurin da murya ke fita, kuma ba zai iya magana sosai ba na ɗan lokaci. Ba zan ce masa abin daɗi ne ba. Amma galibi minti 20 zuwa 30 an gama, kuma ran nan mutum yake komawa masauki da ƙafarsa. Na taɓa ganin wani dattijo da ya kwana uku yana rabon wasiyya saboda gwajin nan, da aka zare igiyar sai ya ɗago kai ya ce, "Yaushe za a fara?"

Yanzu maganar yayanki, domin ita ce ta fi kama da gaskiya, kuma a wani wurin ma gaskiyar ce. Akwai marasa lafiyar da leƙen ba ya ƙara musu wani abin kirki. In ƙarin ƙanƙane ne, bai kai santimita 2 ba, yana can gefen huhu kusa da haƙarƙari, igiyar ba ta isa wurin, don rassan can sun yi mata sirara. A irin wannan, da leƙe na yau da kullum, kusan sau ɗaya cikin uku kawai ake dacewa da gano abin. Shi ya sa a nan likitoci kan gwammace su soka siririyar allura ta bangon ƙirji suna kallo da sikana, ko kuma mai tiyata ya leƙa da kansa bayan an sa mutum barci, minti kaɗan kafin ya yanka. Da a ce ƙarin Alhaji irin wannan ne, da na ce yayanki na da hujjar tambaya. Amma ke kika rubuta cewa santimita 3 da rabi ne, kuma kusa da tsakiyar ƙirji. Waɗannan abubuwa biyun su ne ainihin dalilan da ke sa a ce sai an leƙa. Ƙarin da ke tsakiya, wanda ake iya hangowa a cikin bututu, kusan sau tara cikin goma leƙen yana faɗin ko mene ne.

Ki tuna wa Alhaji zamaninsa na tuƙi. Da damina, in ya iso bakin rafi ruwa ya rufe kwalbati, yana da masaniyar hanyar sarai, ya bi ta sau ɗari. Duk da haka ba ya cusa mota da tan-tan na kaya a bayanta. Yaron mota yake saukewa, ya naɗe wando, ya shiga da sanda yana dungurawa, ya ga ko ƙasan na nan ko ruwa ya zaizaye. Hoton sikana inuwa ce: yana nuna inda abu yake da girmansa. Bai faɗin ko mene ne abin, bai kuma nuna fatar cikin bututun da kyau.

To me ake nema a ciki? Abu na farko, sunan cutar. Har yanzu ba wanda ya tabbatar Alhaji na da daji, likitan ma "da alama" ya ce. A ƙasarmu, inda tarin fuka ya yi yawa, inuwa a saman huhu tana iya zama tsohon tabon fuka, ko fukar da ba ta ji magani ba, ko wata cuta ta daban. Haka nan kuskuren yana zuwa ta ɗaya ɓangaren, kuma shi na fi gani: mutum ya sha ƙwayoyin fuka wata shida, kakinsa bai taɓa nuna ƙwayar cutar ba, daji kuwa yana can yana girma. Lokacin leƙen ana zuba ɗan ruwan gishiri a reshen da abin yake, a zuƙo shi, a aika da shi gwajin fuka na na'urar GeneXpert da sauran gwaje-gwaje. Sannan a tsinko 'yan ɓarɓashin nama, kowanne bai fi ƙwayar gero ba, a kai wa masu duba nama a madubin likita. In dajin ne, su ne za su faɗi irinsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai wani iri mai ƙananan ƙwayoyi, kusan kashi 15 cikin 100 na dajin huhu, wanda saurin yaɗuwarsa ya sa galibi ba da wuƙa ake fara masa ba, da ƙarin ruwan maganin daji ake farawa. Sauran kashi 85 su ne waɗanda tiyata ke yi wa aiki in an kama su da wuri. Yanka ƙirjin mutum ba a san wanne ne ba, caca ce.

Na biyu, mai tiyata yana son ya san inda zai sa wuƙarsa. Huhun dama sashi uku ne, na hagu biyu. Aikin da aka saba yi wa dajin matakin farko shi ne a cire sashin da ƙarin yake ciki, a bar sauran. Amma in ƙarin ya rarrafo ta cikin bututu har ya iso bakin reshen, yankan wurin da aka saba zai bar cutar a baya. A nan sai a zaɓi ɗayan biyu: ko a yanke guntun babban bututun a sake ɗinke bakunan biyu, kamar yadda tela ke rage hannun riga, ko a cire huhun daman gaba ɗaya. Tsakanin cire sashi ɗaya da cire huhu guda akwai tazara mai yawa, ga haɗarin aikin, ga kuma yadda mutum zai rayu bayansa, ko zai iya takawa masallaci ba tare da ya tsaya hutawa ba. Ana rayuwa da huhu ɗaya, wannan tabbas ne. A 1933 wani likita a Amurka, Evarts Graham, ya cire wa wani huhu guda saboda daji, mutumin ya rayu har bayan rasuwar likitan nasa, wanda shi ma dajin huhu ne ya yi ajalinsa a 1957. Amma ba a son mutum ya farka daga barcin tiyata sannan ya ji an yi masa aikin da bai shirya masa ba. Leƙen ne ke sa a zauna da ku tun kafin ranar a ce ga abin da za a yi. Kuma ga wanda ya sha taba shekara 30, akan duba sauran rassan duka, dama da hagu, don wani lokacin akwai wani ɗan tsiro na biyu da hoto bai kama ba.

Na uku shi ne wanda nake so ki fi riƙewa, don a kansa za ki yi tambaya. Kin san kaluluwa, wadda ke fitowa a hammata ko matsematsi in mutum ya ji ciwo. Akwai irinta da yawa a tsakiyar ƙirji, jere a gefen bututun iska, kuma nan ne zangon farko da dajin huhu ke sauka in ya tashi tafiya. Abin da ake kira matakin farko shi ne ƙarin da bai wuce santimita 4 ba kuma bai taɓa kaluluwa ko ɗaya ba. A hoto, kaluluwar da ta wuce santimita 1 ake zargi. Sai dai hoto na yin ƙarya ta fuska biyu: ƙarama tana iya ɗauke da daji, babba kuma tana iya zama kumburin tsohuwar fuka ko ƙurar shekaru. In daji ya isa kaluluwar tsakiyar ƙirji, an bar matakin farko, galibi an shiga na uku, kuma tsarin magani ya canja: a fara da ƙarin ruwa, ko a haɗa da gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura, tiyata ta biyo baya ko ma a fasa ta. Ba abin da ya kai baƙin cikin a buɗe ƙirjin dattijo, a sayar da gona a biya, sannan a tarar aikin bai da amfani.

Leƙe na yau da kullum ba ya ganin kaluluwar nan, don a bayan bangon bututu take. Akwai wata igiyar ta musamman mai na'urar hoton sauti a bakinta, irin hoton da ake yi wa mai juna biyu, wadda ke hango ta bayan bango a soka mata allura a zuƙo. A takarda EBUS ake rubuta ta. Ba kowane asibiti ke da ita ba. Inda babu, wasu likitocin kan soka allurar ta bango bisa jagorar hoton sikana, ko mai tiyata ya yi ɗan yanka a ramin wuya, saman ƙashin ƙirji, ya shiga ya ɗebo kaluluwar, wannan kam sai an sa mutum barci. Don haka in kun koma, ki tambayi likitan kai tsaye, cikin ladabi: "Likita, kaluluwar tsakiyar ƙirjin fa, ta yaya za a tabbatar lafiyarta kafin aikin?" Matambayi ba ya ɓata, kuma likitan kirki daɗi yake ji in an yi masa irin wannan tambayar.

Sai Baffa. Kada ki yi masa gardama a gaban mutane, ƙanin mahaifinki ne, kuma maganarsa ba daga sama ta faɗo ba. Ya ga abin da ya gani: an kai mutum asibiti bayan shekara biyu ana shafe-shafe da turare, aka yanka, wata biyu ya rasu, sai aka ce wuƙa ce ta tayar da cutar. Alhali cutar ta riga ta gama zagaya jiki kafin wuƙar ta iso. Daji ba ya jin ƙarfe, ba ya fushi. Yana yaɗuwa ne ta jini da ta hanyoyin kaluluwa, a taɓa shi ko kada a taɓa, kuma abin da yake buƙata kawai lokaci ne. Tsinko ɓarɓashi ta cikin bututun iska ba ya watsa shi. Aikin nan ma ba sabo ba ne da za a ce gwaji ake da mutane. Tun 1897 wani likitan Jamus, Gustav Killian, ya zura bututun ƙarfe miƙaƙƙe ya ciro ƙashin da ya maƙale wa wani a hanyar iska, irin mai laushin nan kuma wani likitan Japan, Shigeto Ikeda, ya fito da shi a 1966. Da ni ne ke, da Baffan zan roƙa ya raka ku. Wanda aka bari a gida shi ke da bakin magana. Wanda ya zauna gaban likita ya ga hoton da idonsa, sau da yawa shi ke dawowa yana yi wa sauran bayani.

Haɗari akwai, ba zan ɓoye ba. Ciwon maƙogwaro na kwana ɗaya ko biyu, dusashewar murya, ɗan zazzaɓi a daren farko, da ɗigon jini a kaki, duk waɗannan an saba ganinsu kuma suna wucewa. Zubar jini mai yawa, ko iska ta ɓulle ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari, suna faruwa amma ba kasafai ba, kuma ana da maganinsu a nan take. Abin da zai rage haɗarin yana hannunki. Ki tattara duk magungunan da yake sha a leda guda ki nuna, har da na gargajiya, kada ki ji kunya. In yana shan maganin tsinka jini, irin su warfarin ko clopidogrel, dole a sani tun da wuri, don akan dakatar da su kwanaki kafin ranar, kuma likita ne zai faɗi yadda za a yi, kada ku tsayar da kanku. In yana da ciwon suga ko na zuciya, a faɗa. Zai zauna ba ci na awa 4 zuwa 6 kafin a yi, gwargwadon yadda suka ce. Bayan an gama kuma kada tausayi ya sa ki miƙa masa kunu ko ruwa nan da nan. Maƙogwaron a mace yake, zai ƙware. A jira awa ɗaya zuwa biyu har ya ji yana haɗiyar yawu daidai, a fara da kurɓin ruwa.

Ga wani abin da ke ruɗa iyalai, gara ki sani tun yanzu. Sakamako yana iya fitowa a ce ba a ga ƙwayar daji ba. Ranar za a yi murna a gida, yayanki ya ce "ai na faɗa". Ki yi haƙuri, wannan ba wankewa ba ce. Ma'anarsa ɗan abin da hantsaki ya kamo bai nuna ba, ƙarin kuwa yana nan inda yake. Sai a sake gwadawa ta wata hanyar, ko a shiga tiyatar a duba naman ana tsakiyar aiki. Kada a ɗauko Alhaji a dawo Garwa da wannan takardar a ce an gama.

Maganar kuɗi da nisa ni ma ɗan arewa ne, na san ta. Mota daga Garwa zuwa Ngaundare, a hau tudun nan da mara lafiya, sannan jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, ga masauki, ga abinci, ga wanda aka bar wa yara. Don haka kada ku yi tafiyar sau uku. Ki kira asibitin kafin ku tashi a ba ku rana. Ki nemi a rubuta muku ƙiyasin kuɗin komai, leƙen da duba naman da aikin kansa, don dangi su san abin da za su haɗa. Ki roƙi a haɗa muku sauran gwaje-gwajen a zuwa ɗaya: na hura iska da ke auna ƙarfin huhu, na zuciya, na jini. Sakamakon nama yakan ɗauki kwanaki, wani lokacin har sati biyu, ki tambayi ranar karɓa da wanda za ki kira. Ki tafi da faifan sikanar kansa, takardar bayani kaɗai ba ta isa ba, da katin maganin fukar da ya sha, da duk tsofaffin hotunan ƙirjinsa, ko sun yi ƙura. Tsohon hoto na bara yana iya gaya wa likita saurin girman abin fiye da sabon gwaji. In hoton sikanar ya kai wata biyu kafin ranar aiki, kada ki yi mamaki in sun ce a sake, wannan ba cin kuɗi ba ne. In kuma daga baya kuka yanke shawarar yin aikin a wani asibitin, a Duwala ko waje, ki karɓi gilasan naman da aka duba ki tafi da su, don kada a sake leƙen.

Ban ga inda kika ce shi Alhaji ya san abin da ake zargi ba. In ana ɓoye masa, ina ganin kuskure ne. Mutumin da ya yi shekaru yana gangara tudun Ngaundare da kaya a bayansa ba yaro ba ne, kuma huhun nasa ne, shi zai sa hannu a takarda. Ki samu lokacin da ya natsu, bayan la'asar, ku biyu ko da Inna, ki karanta masa abin da na rubuta a kan faɗin bututun da igiyar. Ki ce masa daga yau ya riƙa ɗan tattaki safe da yamma kafin rana ta yi zafi, ya ci abinci sosai, ya guji zama inda ake busa taba ko kusa da hayaƙin murhu, don ƙarfin da ya shiga ɗakin tiyata da shi, da shi zai fito.

Bayan leƙen ku ƙara kwana ɗaya ko biyu a Yawunde kafin ku hau jirgi. In ya tofar da jini da ya wuce cokali biyu, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ƙirji ya soke shi, ko zazzaɓin ya wuce kwana ɗaya, ku koma asibitin a daren, kada ku jira gari ya waye. In sakamakon ya fito, ki rubuto mini abin da aka ce game da kaluluwar. Ki gaida Alhaji da jiki, ki gaida Baffa.